Shanu Masu Ɗingishi

"Malama, babban katin hoton nan shi ne maganin matsalarki," in ji mai shagon kwamfuta a Rano, "sai dai solar gidanku ba za ta ɗauke shi ba. Ƙaramin kuwa, ban yi miki alkawari ba."

Wata huɗu ta yi tana cusa wa wasan kwamfuta na kiwo da ta haɗa wa mahaifinta ƙare-ƙare: fararen shanu saba'in, burtalin Fassi, har tsamiyar bakin rafi. Nauyi ya yi wa kwamfutar yawa, hoton sai ya tafi ya cije.

Ta ɗauki ƙaramin. Tana rungume da shi a motar Kibiya, bakinta bai huta da salati ba.

Da isarta gida ta ɗaura shi a kwamfutar, ta juya allon wajen gadon mahaifinta. Tun da ɓarayi suka kore garkensa ya kwanta. Shekaranjiya kuma ya ƙi abinci, wai shanun cikin wasan ɗingishi suke yi, ba wanda ya duba kofatonsu.

Shanun suka gangara rafi sumul, ba ko tuntuɓe. Tsohon ya daɗe yana kallo.

"Sun warke," ya ce. "Miƙo min furar nan."