Manomin da Ya Dasa Gawo da Gatari

"Ni ko tsinke na soka a ƙasa, kafin in juya ya yi inuwa." Wani manomi ne ya faɗi haka a wani ƙauye na bakin hamada, kuma ba a ɗaka ya faɗa ba, a ƙofar gidan mai gari ne, ranar rabon faƙon bayan gari. Faƙon nan ƙasa ce da ta gaji ta ƙeƙashe, ko ruwa ya sauka a kanta wucewa yake kamar baƙon da bai ga wurin zama ba. Dattawa suka ce duk mai so ya yanki gefe ya raya, bayan kaka a zo a duba. Wanda itace ya kama a nasa, wurin ya zama gonarsa har jikoki, wanda bai kama ba a ba wani. Shi kuwa gogan naka rairayi ya riga ya cinye masa rabin gonar gado, yana bukatar wurin nan fiye da yadda bakinsa ya nuna. Aka ba shi yanki, aka ba taubashiyarsa wanda ke jikin nasa, wata mai awaki da mijinta ya rasu.

Aiki dai iri ɗaya suka yi. Suka haƙa ƙananan ramuka don su tare ruwa, suka zuba kashin awaki a ciki, domin ƙwayar gawo taurin kai gare ta, ba ta cika tsirowa ba sai ta bi ta cikin akuya ɓawonta ya yi laushi. Ruwa ya sauka, ramuka suka sha, tsiro ya leƙo a nasa, ya leƙo a nata. To amma ɗan gawo ba ya gaggawa irin ta ɗan Adam. Damina ta yi nisa har gero ya fid da kai, shi ko tsawon tafin hannu bai kai ba. Kullum taubashiyar ta biyo da awakinta sai ta ce, "Taubashi, ina inuwar? Tun jiya nake yawo da tabarmata." Ran nan abin ya ishe shi, ya kama tsiro ɗaya ya fizge don ya ga abin da ke damunsa. Sai ga saiwa siririya, tsawon hannunsa har kafaɗa, ita ma tsinkewa ta yi, sauran na can ƙasa. Ashe duk abin da ɗan tsiron ya ci, ƙasa yake kai shi, yana bin danshi tun rani bai zo ba. Mutumin ya dubi saiwar ya yi tsaki. Saiwa wa zai gani? Shi inuwa ya yi wa mutane alkawari.

Ranar dubawa, da sassafe ya ɗauki gatari ya nufi wani babban gawo a hanyar rafi. Ka san halin gawo, da damina yake zub da ganye, sai ruwa ya ɗauke yake yin ado. Ya saro rassa kore shar, kowanne ya kai masa ƙugu, ya fere gindinsu, ya bi ramukansa yana sokawa. 'Yan tsiron nan na gaskiya kuwa, ya ga in an gan su kusa da manyan za a yi tambaya, sai ya sa fartanya ya kankare su tas. Ya yayyafa ruwa, ya je gida ya sako riga mai kyau.

Da hantsi mai gari ya iso da dattawa, jama'a na biye. Suka tsaya suna ta masha Allah, gogan yana shafa gemu yana cewa ai hannu ne, ba a koyarwa. Na taubashiyar kuwa sai an durƙusa ake ganinsu. Ana cikin haka awakinta suka iso, don ba su taɓa barinta ta je ko'ina ita kaɗai ba. Wata jar akuya ta kama ganyen itacen farko ta ja, sai ga itace ɗungurungum ya taso ya bi ta. Ta ratsa tsakiyar dattawa tana jansa hankalinta kwance, gindinsa fari fat, feren gatari. Sauran awaki suka ga abin da sauƙi, kowacce ta ɗauki nata. Ɗaya ta rasa, ta koma kan ɗan tsiron uwargijiyarta, ta ja, ta ja har wuyanta ya miƙe, ɗan ganyen kai kawai ta samu. Tsiron na nan inda yake.

Mai gari ya ɗauki reshe ɗaya ya juya gindinsa, ya daɗe yana kallo. Taubashiyar ta ce, "Ranka ya daɗe, kada a zalunce shi, ai ya faɗa tun farko. Tsinke ya soka." Da dariya ta lafa mai gari ya ce, "Ina ƙananan da ka shuka? Ko ɗaya ya rage, wurin naka ne." Gogan ya dubi ramuka, ya dubi fartanyar da ya manta a gefe, har yanzu da ɗanyen ganye a bakinta. Kowa ma ita yake kallo. Nan take aka haɗa yankinsa da na taubashiyar, aka ba ta.

Don haka, malam, kai da kake damuna kullum da yaushe shukarka za ta yi tsawo, ƙyale ta, aiki take yi inda ba ka gani. Hausawa sun riga sun gama magana: ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.