Wake Uku a Ƙwarya

Dakta Ɗahiru, mai duba binciken Bahijja, ya ture babi na uku gefen tebur da ɗan yatsa, kamar mai ture ƙosan jiya. Karo na nawa ke nan? Bahijja ta daina ƙirgawa.

Bincikenta na digiri na biyu a kan haihuwa ne tsakanin matan unguwar Zaitawa, kuma tambaya ɗaya ce ta hana ta sakat: sau nawa mace ta haihu? Abin da matan suka faɗa mata daban, abin da ungozomar unguwa ta faɗa daban. Gida bayan gida, sai an sami giɓi.

"Ko dai tambayarki ce gurguwa, ko a ɗaki kika zauna kika ƙirƙiro lambobin," in ji Dakta. "Ki kawo min hanyar da kika gwada ta tsaya da ƙafarta. In ba haka ba, wa'adinki ya cika, sashe zai sallame ki."

A Ƙofar Wambai ta sauka daga adaidaita, ta ratsa lunguna tana jan ƙafa. Wallahi ta gaji. Ta gaji da sallama a zaure, ta gaji da murmushin dole, ta gaji da jan biron Dakta. Shekarun da ta zuba a karatun nan suna neman tafiya a banza.

Gidan da ta sauka ma ba wurin hutawa ba ne. Ita a Abuja ta tashi, 'ya ɗaya tilo a wurin Hajiya Binta, shagwaɓa har ta yi yawa. Aikin nan ne ya kawo ta hannun Gwaggo Safiya, ƙanwar mahaifinta, mace mai ɗaurarriyar fuska. Abinci dai a kan kari, ruwan wanka da ɗuminsa, kullum naman miya a kwanon Bahijja yake tarewa. Amma hira? Ina! Daga "ke" sai "a ce wa waccan ta zo ta ci." In Bahijja ta shigo ɗaki, sai Gwaggo ta tuna tana da aiki a madafa. Tuni Bahijja ta yanke cewa matar nan ba ta ƙaunarta, ta haƙura.

A wani gida ne ta gano inda gizo ke saƙa. Matar gidan ta ce 'ya'yanta huɗu, alhali ga biyar nan a tsakar gida, babbar tana rufe baki tana dariya. Kunyar ɗan fari! Bahijja ta san uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta sakewa a gabansa, amma ba ta taɓa zaton har a ƙidaya ake tsallake shi ba. Ashe ba ƙarya suke mata ba, bakin ne ba ya iya ɗauka.

To, abin da baki ya kasa, ai hannu zai iya. Ta yanke shawarar ta riƙa ajiye wa mace ƙwarya da wake, ta ce kowace haihuwa a jefa ƙwaya ɗaya. Babu suna, babu lamba.

Sai dai Dakta ya sha nanata wa ɗalibansa cewa sabon ma'auni a kan wanda ka san amsarsa ake fara gwada shi. Wa ta sani kamar Gwaggo? 'Ya'ya biyu, Haruna da Nazeer, dangi kaf sun shaida. Ga shi ba ruwanta da wannan kunyar, don Haruna, babban, da sunansa take ƙwala masa kira har maƙwabta su ji. In wake biyu ya faɗa ƙwarya, hanya ta tsaya.

Bayan la'asar ta sami Gwaggo a gindin rijiya tana tankaɗe. Ta durƙusa, ta yi bayani, ta roƙa. Gwaggo ta ajiye rariya. Can ta karkaɗe hannu a zani, ta kau da kai wajen bango, ta ɗebi wake.

Ɗaya ya faɗa. Na biyu ya bi shi. Bahijja ta sauke ajiyar zuciya, ta miƙa hannu za ta ɗauke ƙwaryar.

Na uku ya faɗa.

Bahijja ta janye hannu. Shi ke nan, wannan hanyar ma ta rushe. Da tana samun ragi, yanzu kuma ƙari. Me za ta kai wa Dakta?

"Gwaggo, don Allah, haihuwa na ce. Ko akwai wanda ya rasu ne?"

"Ba wanda ya rasu."

"To ai biyu ne. Wannan na wane ne?"

Gwaggo ba ta juyo ba. Ta ja gefen ɗankwali ta rufe rabin fuska, ta laluba cikin ƙwaryar, ta ɗauko waken da ya fara faɗawa. Ta kamo tafin Bahijja, ta sa mata shi a ciki, ta naɗe yatsun a kai. Sannan ta miƙe ta yi madafa da sauri, kamar kullum.

Bahijja ta zauna daɓas a ƙasa, waken a damƙe. Hanyarta ba ta yi kuskure ba. Tun da ta yi wayo, sunan mutum ɗaya ne tak ba ta taɓa ji a bakin Gwaggo ba, kuma nata ne, ita Bahijja, 'yar fari.