Goro Ɗaya-Ɗaya

Shekara bakwai ke nan da aka soke takardar kuɗi. Kowane ciniki sai da kati, kuma duk sanda na'urar karɓar kati ta yi ƙara, mai kaya take yanka wa ladan aikinta, ko da goro ɗaya ya sayar. Wanda ya ƙi karɓar kati, a rufe masa rumfa.

Alhaji Cindo ya san haka sarai. Tun da Jatau mai goro ya kayar da shi a shari'ar gona, kullum sai ya zo rumfar Jatau da kujerarsa, yana sayen goro ɗaya-ɗaya. Abin da na'ura ke ci a kowanne ya fi ribar.

"Ƙaro ɗaya," in ji Cindo, karo na sha tara, yana miƙo kati.

Jatau ya harari jan idon na'urar. Ya zaɓi farin goro ƙato, ya danƙa masa, ya ɗaga murya yadda duk layin rumfunan zai ji.

"Mayar da katinka, Alhaji. Yau Juma'a, sadaka ce. Allah ya yaye maka."

Na'urar ba ta yi ƙara ba. Cindo ya sandare da goro a hannu, ya kasa ci, ya kasa yarwa.