Takardar Asibitin Inna Tasalla

Tun da aka kafa dokar lallashi, na'urorin karatu na makafi suka daina faɗin labari mai ɗaci. Shi ya sa Inna Tasalla ta dogara sandarta har rumfar Ɗanjuma mai gyara, riƙe da na'urarta da takardar asibiti.

"Sau uku tana karanta min, sai ta ce lafiya lau, har da 'yar dariya. Cire mata taushin nan."

"Inna, in aka kama ni, rumfar za a rufe."

"Jikina ne, ɗana. Ni zan ji."

Ya karɓi na'urar, ya danna wani maɓalli. Muryar ta bushe, ta faɗi sunan cutar da watannin da suka rage mata.

Inna ta gyara mayafinta. "Sa ta maimaita a hankali. Ina da shirye-shirye."