Kwandon Silifan Baƙi

Tun a tashar Innsbruck Eckhard ya lura jakar goyon abokinsa Volkmar ba ta da nauyi. Da yatsa biyu ya sauko masa da ita daga jirgin ƙasa. Mutumin da ya ce ya bar Lübeck ke nan har abada, bayan shekara saba'in da ɗoriya, ya taho da 'yan riguna da buroshin haƙori. Tasa jakar kuwa, shi da ya zo rakiya kawai, har kafaɗa take sa wa ƙara. Volkmar ne ya taya shi shirya ta, kuma Volkmar bai taɓa iya shirya kaya ba.

Da ya tambaya, Volkmar ya ce sauran kayan sun riga sun yi gaba a mota. Eckhard ya tsufa yana koyarwa a makarantar sakandare. Ya san amsar da aka haddace tun daga gida.

Tafiyar dabarar Volkmar ce: su goya jaka kamar lokacin samartaka, su taka garin da ƙafa kafin ya tare a sabon gidansa. Suka kuwa taka, gwiwoyi na faɗin albarkacin bakinsu, duwatsu na leƙo su a ƙarshen kowane titi.

A masaukinsu aka tsayar da su a bakin ƙofa suka cire takalma, kamar kowane gida a nan. Silifan masu gida na jere a kan wata kantar katako, kowanne ya ɗauki siffar ƙafar mai shi. Na baƙi kuwa suna cikin kwando, ruwan toka, girmansu ɗaya, ba wanda suke yi wa daidai. Eckhard ya ce haka mutanen nan suke yi maka maraba, suna kuma tuna maka cewa tafiya za ka yi. Volkmar bai yi dariya ba. Wannan ma Eckhard ya ajiye shi a ransa.

Sai kuma wayar. Da ta yi ƙara Volkmar zai koma gefe ya rage murya. Muryar mace ce. Sau ɗaya Eckhard ya tsinci kalma biyu: yau da sauƙi. Ashe har ciwon zuciyarsa yake kai mata rahoto.

Tikitin komawa guda ɗaya ne, yana aljihun Volkmar. Ɗayan kam daidai ne, tunda mutum ɗaya ne zai koma. Amma da Eckhard ya ce a ba shi abinsa, sai Volkmar ya ce, "Kai da ka ajiye tabarau a firji? Bar shi nan, malam."

Matar ta same su a wani gidan abinci kusa da kogi. Gesine, in ji Volkmar, a gidanta ɗakin da za a tare yake. Shekarunta za su kai hamsin, kuma ba 'yar garin ba ce: bakinta na mutanen arewa ne, irin nasu. Kafin Eckhard ya buɗe baki ta ce a kawo masa miya ban da albasa. Wato har bincike ta yi a kansa. Tana ta satar kallonsa, in sun haɗa ido ta koma juya cokali. Mai gaskiya ba ya juya kofi da babu sukari a ciki.

A ganin Eckhard lissafin ya fito. Ya taɓa jin irin gidajen nan da ake shigar da tsoho da murmushi, ƙofa ta rufu a bayansa, daga nan sai ziyarar ranar Lahadi. Da ta yi gaba a kan gada, ya riƙo hannun rigar abokinsa.

"Tsoho, matar nan kulle ka za ta yi. Mu koma tasha tun ƙafarka tana takawa."

Volkmar ya daɗe yana kallon ruwa. "Zo ka ga ɗakin tukuna. In bai yi maka ba, ka faɗa."

"Ni zai yi wa, ko kai?"

"Ai kai ne mai ido."

Eckhard ya yarda, don ya riga ya yanke: zai duba, ya samo aibi, ya ja wawan nan su bi jirgin yamma.

Aibin bai ɓuya ba. Sakatar ƙofar lambu tana can sama inda hannu bai saba zuwa ba. Da aka tura ƙofar, ƙararrawa ta yi ƙara a cikin gida. An kafa sabon ƙarfen dafawa a jikin bango, fentinsa bai gama bushewa ba. Eckhard ya zunguri Volkmar, ya nuna masa kowanne da haɓa. Volkmar ya gyaɗa kai kamar wanda ya riga ya gani.

A zaure suka sauke jaka, suka kwance takalma. Ga kanta, ga kwando. Eckhard ya miƙa hannu zai ɗauki ruwan tokan, sai matar ta durƙusa, ta sauko da wasu daga kan kantar ta ajiye a gabansa. Ruwan ƙasa ne, dunduniyar hagu ta lotsa, na dama da tabon ƙuna inda garwashi ya taɓa faɗowa daga murhunsa na Lübeck. Ya zura ƙafa. Suka karɓe shi ba tambaya.

Sai a lokacin ya dube ta sosai. Akwai ɗan tabo a girarta, na faɗuwa daga keke, ranar da yana koya wa 'yarsa hawa ya saki sirdin da wuri.

"Gesine?"

"Na'am, Baba."

A bayansu Volkmar ya sunkuya a hankali, ya sa hannu cikin kwando, ya ɗauki na baƙi.