Turancin da Na Ba da Haya

"Juma'a muka yi da kai, Alhaji! Yau Lahadi."

Alhaji Nadabo bai ko ɗago kai ba. "Tasi'u, rage murya. Yarinyar ce ta nemi ƙarin lokaci. Jarrabawarta ta shiga jami'a ta matso, ba ta gama bita ba."

A shagonsa ake ba da hayar Turanci. Za ka sa hular ƙarfe, a zare Turancin daga kanka, a tura wa ɗaliban sakandare na ƙasar Sin su yi bita da shi. Nawa yana wajen wata Meilin da ban taɓa gani ba.

Na ce, "Ni ma gobe zan rubuta tawa."

"To ka rubuta da Hausa mana," in ji shi, yana dariya.

Na waiwaya bencin masu jira. Ga Sagir, gwanin muhawarar makarantarmu, yana bin rubutun Turancin da ke jikin rigarsa da yatsa kamar ɗan aji ɗaya.

"Sagir, naka tun yaushe?"

Ya kawar da kai.

Na juyo na ce, "Alhaji, wai akwai wanda aka taɓa dawo masa da nasa kuwa?"