Lahadin da Torvald Bai Ja Igiya Ba

Sha ɗaya ta gota da minti bakwai Fasto Gunvor ta shigo ta ƙofar baya tana haki. Coci uku take riƙe da su, kowace Lahadi sai ta yi tsere a mota tsakaninsu, kuma wannan na dutse, mai shekara ɗari takwas a tsakiyar gonaki, shi ne na ƙarshe. Yau ba ta ajiye motar a bakin ƙofa ba. Can bayan katangar maƙabarta ta cusa ta.

Majken, tsohuwar da ke kula da kyandir da gahawar da ake sha bayan sujada, ta miƙo mata farar riga.

"To, kin ga aikinki ko? Torvald bai zo ba. Yau ko ƙararrawa ba mu ji ba."

Gunvor ta karɓi rigar ta saka. Shekara arba'in da ɗaya Torvald yana jan igiyar ƙararrawar nan, ko ranar da aka binne matarsa shi ya kaɗa. Makon jiya Gunvor ta gaya masa, a gaban jama'a, cewa za a sa inji ya riƙa kaɗawa tunda kafaɗarsa ta gaji. Tsohon ya ajiye kofinsa, ya sa hula, ya fita. Maganar gaskiya, ba ta kyauta ba.

"Ke 'yar nan, bar rawar jiki," in ji Majken. "Fushi ne. Kan nan nasa ya fi bangon cocin tauri. Kafin waƙa ta biyu za ki gan shi ya shigo yana hura hanci."

Mutum sha huɗu ne a benci, kowa da rigar sanyi, don hazon safiya bai ɗaga ba. Aka yi waƙa ta farko. Gunvor ta buɗe littafi, ta karanta layi ɗaya sau biyu ba ta sani ba. Idonta na kan ƙaramar kujerar da ke gindin igiya, tana roƙon Allah ya shigo da tsohon nan, ko da zagi ne a bakinsa.

Ana tsakiyar waƙa ta biyu ƙofa ta yi ƙara. Gunvor ta ɗaga kai da sauri. Wani manomi ne da ya makara, ya lallaɓa ya zauna yana goge takalmi.

Aka zo wurin furta zunubai. Tsofaffin suka sunkuyar da kai, suna neman gafarar 'yan gulmace-gulmacensu na mako. Saura Gunvor ta ɗaga hannu ta shaida musu an yafe. Hannun ya tashi rabi ya tsaya. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun da aka naɗa ta.

"Majken," ta ce, muryarta ta cika cocin, "kira motar asibiti. Ki ce su je kwanar tsohuwar gada. Maza!"

"Ikon Allah! Wa ya ce miki wani abu ya same shi?"

Ba wanda ya ce mata. Rabin awa ke nan tana faɗa wa kanta barewa ce motar ta buge a cikin hazo, ga ta a makare, ga mutane suna jira. Amma ta leƙa madubi kafin ta ƙara wuta, kuma abin da ta gani yana juyawa a bakin kwata tayar keken Torvald ce.